Ƙwayoyin Rawaya a Shayin Mai Gyaran Agogo

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara. Na ɗauko abin da ya fi ƙarfina, kuma na rasa wanda zan faɗa wa bai yi mini dariya ba.

Maigidana mai gyaran agogo ne. Shagonsa ɗan ƙarami ne a ƙasan benen da muke zaune, agogo sun rufe bango, kowanne yana nuna lokacin da ya ga dama. Da hantsi idan na kai masa shayi nakan zauna a kan benci, hasken rana na ratsa gilashi yana sauka a kan 'yan ƙananan ƙarafunansa, shi kuma ya maƙala madubi a ido ɗaya yana numfashi a hankali kamar mai gudun tada jariri. Nan nake lulawa. Sai in gan mu mun tsufa, furfura ta game masa kai, muna zaune a baranda, ina ba shi labarin da ya riga ya ji sau goma yana gyaɗa kai. Har jikoki nake gani, Anti, alhali babbar 'yarmu ko makaranta ba ta gama ba.

Ga abin da ke katse mini mafarkin. Mahaifinsa, wanda ya bar masa sana'ar, zuciyarsa ce ta buga a kan kujerar aikin shagon nan, yana da shekara hamsin da biyu. Maigidana zai cika hamsin da biyu nan da wata huɗu. Likita ya ce yana da hawan jini, ya ɗora shi a kan magani.

Wata rana ina wanke-wanke na ji ana faɗa a rediyo cewa akwai wani sinadari, folat, wanda ƙarancinsa ke da alaƙa da ciwon zuciya. Sunan bai yi mini baƙo ba. Na buɗe akwatina, sai ga ragowar 'yan ƙwayoyin nan rawaya da aka ba ni a asibiti ina da cikin autarmu. Na san halin mutumina sarai. Ko da wasa ba zai haɗiyi maganin masu ciki ba, abokansa na layi su ji, ai ya shiga uku. Sai na fara murƙushe ɗaya da bayan cokali ina zuba masa a shayi. Da suka ƙare na sayo wasu. Yau wata uku ke nan.

Makon jiya ya ce mini jikinsa ya yi sakayau, kansa ya daina nauyi, don haka ya ajiye maganin hawan jinin, wai ya warke. Na buɗe baki zan yi magana, na tuna ni ma ina da abin ɓoyewa, na haɗiye. Wani lokaci in ji daɗi, in ce ƙwayoyina ne suka yi aiki, wani lokaci kuma tsoro ya kama ni. Ga kuma wani abu. Agogon hannun mahaifinsa ya shekara talatin a tsaye, yana rataye a ƙusa, ba ya bari kowa ya taɓa. Shekaranjiya na tarar ya sauko da shi, ya buɗe bayansa, ya zuba masa ido kawai. Bai san na gani ba.

Anti, da gaske ƙwayoyin nan suna tsare zuciya? In faɗa masa, ko in ci gaba? Ina son mutumin nan, kuma ina so in ga tsufansa.

Matar mai agogo

Ƙanwata, na yi dariya da na zo wurin cokali, daga baya kuma na share ƙwalla. Bari mu fara da abin da ba ya jira. Lallai ne ya koma kan maganinsa, kuma ku je wurin likita a makon nan a auna shi. Hawan jini ba ya sallama. Mutum yakan ji garau alhali jininsa na sama, kuma wanda mahaifinsa ya tafi ta wannan hanya bai kamata ya sallami kansa daga hannun likita ba.

Abin da kika ji a rediyo ba ƙarya ba ne, sai dai rabin zance kika kama. Jiki na buƙatar folat. Idan ya yi ƙaranci, wani sinadari da ake kira homosistin yakan taru a jini, an kuma lura masu yawansa sun fi kamuwa da ciwon zuciya. Amma da masu bincike suka ba dubban mutane ƙwayoyin, suka bi su shekaru, sinadarin ya sauka, masu kamuwa da ciwon kuwa ba su ragu yadda aka sa rai ba. Ɗan sauƙin da aka gani ya fi a wajen shanyewar ɓarin jiki. Shan su barkatai kuma yana iya ɓoye ƙarancin wani bitamin, B12, har ya taɓa jijiyoyi. Saboda haka ki ajiye cokalin nan. Folat ɗin da zai ci da saninsa yana cikin alayyafo, wake, gyaɗa, lemu da ƙwai. Kada ki dafa ganye har ya yi laushi tiɓis, ki kuma rage gishiri. Idan yana buƙatar ƙwaya, likita ne zai faɗa.

Ban ga laifin niyyarki ba. Tsoro ne ya sa ki, kuma tsoron yana da dalili. Amma shi ma yana da haƙƙin sanin abin da ke shiga cikinsa, likitansa ma haka. Zai yi fushi, wataƙila ya kwana biyu yana shinshina shayi kafin ya kurɓa. Ki jure. Kada ki fara masa da zancen ƙwaya, ki fara da hamsin da biyu. Kina tsammanin ke kaɗai kike ƙirga watannin? Mutumin da ya sauko da agogon mahaifinsa bayan shekara talatin, shi ma ƙirgawa yake yi, kuma ina zargin gajiya da tsoro ce ta sa ya ce ya warke. Kaya ɗaya kuke ɗauke da shi, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa.

Gobe ki kai masa shayi tsurarsa, ki zauna a bencin, ki ba shi labarin barandar nan da jikokin. Bai taɓa jin sa ba ko sau ɗaya. Allah ya ƙara masa lafiya, ya ba ku tsawon ran da za ki maimaita masa shi har sau goma.