Na Je Neman Yafiyar Sha'aban

Bici,
Ranar Laraba.

Zuwa ga aminina Tasi'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya ƙafar taka? Mu nan alhamdu lillahi, mun gama yankan gero, dawa ce ta rage.

Tasi'u, jiya na je Shanono wurin Sha'aban. Na san za ka ce sai yanzu, bayan shekara talatin. To, sai yanzu ɗin.

Ka tuna yajin aikinmu na masaƙa a Kano, da muka rufe ƙofa sati bakwai. Har gobe ina cewa da gaskiyarmu, ƙurar auduga tana cin ƙirjinmu, ba mai kula mu. Amma ranar da Sha'aban ya koma aiki shi kaɗai, ni na hau benci na kira shi maci amana, alhali na san ciwon matarsa ne ya mayar da shi. Da ta rasu, ni na hana ma'aikata zuwa jana'iza. Mutum shida suka yi mata salla. Shugabanninmu kuwa suka shirya da manaja a ofis, masaƙar ma daga baya ta mutu. Ƙarfinmu duk a kan ɗan'uwanmu ya ƙare.

Na same shi a zaure, an jingina shi da bango. 'Yarsa Rumaisa ce take kula da shi. Na durƙusa da furfurata, na faɗi sunana, na zayyana abin da na yi ban rage komai ba, na roƙe shi ya yafe mini. Ya riƙe hannuna yana murmushi, ya ce ya yafe duniya da lahira. Wallahi sai da na yi kuka kamar yaro.

Da Rumaisa ta rako ni waje, sai ta ce in yi haƙuri, tun bara Baba ba ya gane kowa, har ita. Duk wanda ya durƙusa a gabansa abin da yake ce masa ke nan, ko da mai tallan manja ne.

Tun da na dawo abinci ya ƙi shiga. Don Allah ka tambayar mini limaminku, ba sai ka faɗi sunana ba. Wannan yafiyar ta karɓu, ko sai mun tsaya gaban Allah ni da shi?

Ka gaida mutanen gida. Ka sa ni a addu'a.

Naka,
Abdulhadi.