A Saki Likita Garba Ya Tafi Koyon Aikin Ido

Zuwa ga Babban Jami'i mai tura likitoci ƙarin karatu,

Ranka ya daɗe, gaisuwa mai yawa da fatan alheri.

Bayan haka, na daɗe ina jin wai likita ma yakan koma ɗalibi, ya zaɓi gaɓa guda a jikin mutum ya ƙware a kanta. Na ɗauka hirar kasuwar Danja ce. Ashe har gidana za ta iso.

Na ɗaya. Garba ɗan ƙanena ne, ni na riƙe shi. Daga elemantare sai midil, sai kwaleji, sai jami'ar Badun, ni kuwa ina noman auduga ba mataimaki. Ya dawo likita, ya yi muku aiki ba hutu. Bana aka zaɓe shi ya tafi Ingila koyon aikin ido.

Na biyu. A wurinmu, yaron da aka mayar aji faɗuwa ya yi. Da dattawan Maska suka ji za a mayar da Garba makaranta, sai suka ɗauka horo ne. Suka sa manyan riguna, suka hau mota har ofishinka, suka tuɓe takalma, suka roƙa a yafe masa. Haka muke yi wa namu in hukuma ta riƙe shi. Ka san kuskure suka yi, ba ka gyara musu ba. Ka karɓi goronsu, ka soke tafiyar, ka ce jama'a ce ta hana.

Na uku. Yanar ido ta rufe wa matata Hajara ido ɗaya. Wani mai magani ɗan yawo ya soka mata allura wai zai ture yanar, idon ya mutu. Ɗayan ma ya soma dushewa. Irinta suna nan birjik har Malumfashi.

Ni ba roƙo na zo yi ba, roƙo ne ya ja mana wannan. A mayar wa Garba gurbinsa tun jirgi bai tashi ba. In ba haka ba, zan dawo maka da dattawan nan, da Hajara a gaba, kuma wannan karon ba mai tuɓe takalmi.

Allah ya ƙara girma, ya bar maka ganinka har tsufa.

Af, na tuna wanda ya ba ni labarin nan na komawar likita ɗalibi daga ƙarshe, har na gaskata. Kai ne, a zaurena, ranar da ka zo lallashina in bar Garba ya kama aikin gwamnati.

Wassalam.

Malam Tanko, manomin auduga, Maska