Tauraron da Mai Neman 'Yata Ya Ce Ya Gani a Durban

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a sakaya sunana. Don Allah shawararku nake nema, abin ya tsaya mini a rai.

Ni dattijo ne, ina zaune a unguwar Jarwal da iyalina. Kafin Allah Ya zaunar da ni Makka na yi fatauci a Mombasa, Darussalam da Durban, a can na koyi kallon taurari, har yau ina da darbil, wato madubin hangen nesa. Cikin gari fitilu sun cinye sama, don haka wani lokaci nakan fita bayan gari.

'Yata bazawara ce, mijinta ya rasu ya bar mata yara biyu. Wani bawan Allah daga unguwar Zahir a nan Makka ya fito yana nemanta, mai ladabi, ita ma tana sonsa. Da na tambayi inda ya yi zama kafin ya dawo Makka, ya ce shekaru ya yi a Durban yana aikin shago.

Ran nan ya ce zai raka ni kallon taurari, muka fita a motarsa. Na nuna masa Zara da Kaza da 'Ya'yanta, sannan tauraron arewa, wanda ba ya gusawa. Sai ya ce mini ya Ammi, wato Baffa, ai wannan tsohon abokinsa ne, da shi yake gane alƙibla a Durban. A Durban ba a ganin tauraron nan ko kaɗan, yana ƙarƙashin ƙasa, da wasu taurari huɗu na kudu ake gane hanya, ni na kwana ƙarƙashin saman nan. A hanyar komawa na gaishe shi da Zulanci, gaisuwar da ko ɗan dako ya sani a can, ya yi dariya ya ce ya manta.

Matata ta ce tsufa ne ke damuna, wai mutane na bincike a unguwa da masallaci ni ina bincike a sama. 'Yata ta yi kuka, ta ce ƙila don ya burge ni ya faɗa, tunda ita ta gaya masa abin da nake so. Zai yiwu. Amma na zauna da ƙabilu da yawa, ban taɓa ganin wanda ya sake wa shekarunsa gari ba sai da dalili. Kurkuku ne, ko wani iyalin ya bari a wani wuri? A Zahir kowa na yabonsa, amma ba wanda ya san inda ya yi shekarun nan.

Bayan Juma'a mai zuwa manyansa za su zo a tsayar da rana. In tsare shi in ce ya nuna mini fasfo, alhali in gaskiyarsa ce na ɓata wa 'yata aure? Ko in yi shiru in damƙa masa ita da marayu biyu?