Kurbonbek a Ɗakina

Litinin, 13 ga Janairu
Dusar ƙanƙara tun jiya, ta kai ƙirji. Iska na saukowa daga tsauni kamar za ta ɗage ƙauyen. Rufin maƙwabcina Kurbonbek ya rufta. Ban ji komai a raina ba. Mutumin da ya karkatar da ruwan gonata bara, dankalina ya bushe ƙurmus.

Talata, 14 ga Janairu
Matata Mohbegim ta shigo da shi ba ta ko tambaye ni ba. Wai matarsa ta rasu, ɗansa na birnin Khorog, ina zai je? Na ce garkena akwai wuri. Ta harare ni.

Laraba, 15 ga Janairu
Ya zauna kusa da murhu, a wurina. Shayin gishiri kofi bayan kofi, har yana cewa madarar ta yi kaɗan. Busasshen kashin shanun da muke hura wuta da shi sai raguwa yake. Ga minshari.

Alhamis, 16 ga Janairu
Ban yi masa magana ba. Shi ma.

Juma'a, 17 ga Janairu
Da hantsi iska ta ɓalle ƙofar garke, tumaki na ta kuka. Zan fita ya jefo mini igiya, wai in ɗaura a ƙugu. "Ka mutu a waje, Dawlatsho, a ce ni na kashe ka." Na ce da hannunsa ya riƙe ni gara kura. Mohbegim ce ta ɗaura mini.

Na gyara ƙofar. A dawowa farin dusar ƙanƙara ya rufe ko'ina, na rasa gabas da yamma, na zurma rami har wuya. Kurbonbek ya biyo igiyar ya jawo ni, takalminsa ɗaya ya cire a ciki. Ko bai zo ba da na fito.

Asabar, 18 ga Janairu
Yatsun ƙafarsa biyu sun yi baƙi. Sakarai. Wa ya aike shi?

Talata, 21 ga Janairu
An buɗe hanya. Ɗansa ya zo ya kai shi wurin likita, yatsa ɗaya za a yanke. Yaron ya ce daga can zai riƙe shi a birni. Na ce gidansu na can bene ne, gurgu ba zai iya hawa ba, ya maido shi nan har a gyara rufin.

Saboda benen ne kawai.