Sunan Burodin Inna

Mount Isa, Ostareliya

Ƙanina Urpo,

Gaisuwa mai yawa. Yaya iyali, yaya sanyin garinmu Kauhava? Mu lafiya lau, sai tarin maigidana Eino, wai ƙurar ramin ma'adinai ce. Kada ka damu.

'Yarka Sirpa ta iso. Na gasa mata nisu, burodin zaƙin nan da Inna take kitsawa ran Asabar. Yarinyar nan ta tuntsire da dariya: "Haba Gwaggo, wa yake cewa nisu yanzu? Pulla ake cewa. Sai ka ce tsohuwar ƙauye!"

Pulla! Kalmar aro daga bakin mutanen Suwidin? Nisu fa sunan alkama ne a harshenmu tun kaka da kakanni. Shekara talatin ina riƙe da shi cikin wannan zafi, ku da kuke gida kun yar. Tarbiyyar da ka ba ta ke nan?

Ka aiko min hoton kabarin Inna. Allah ya raya yara.

Eino ya matsa mu dawo gida tun yana iya tafiya. Wane gida, Urpo? Inda zan roƙi burodin uwata a yi min dariya?

Yayarka,
Hilja