Lambobin Malam Nu'uman

Kambarawa, Katsina

Yaya Badamasi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Madina da yara. Ya aiki, ya baƙunta? Inna na gaishe ku.

Ka tambaye ni aikin digirina na biyu. Ka tuna siririn rufin sinadarin nan da na shimfiɗa a kan gilasai goma sha biyu? An haska su a na'ura, na samu adadin hasken da ke ratsa kowane. Saura in lissafa yadda rufin ke shanye haske, amma lissafin ba ya yiwuwa sai an san kaurinsa, don da shi ake rabawa.

Malam Nu'uman, mai duba aikina, shi ya kai su wani gari ya auno kaurin. Kwana biyu da dawowarsa ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Lambobin suna nan cikin littafinsa, duk sha biyun, amma bai rubuta wace ce ta wane gilashi ba.

Na ce to a sake aunawa. Ina buɗe akwati na tarar danshin damina ya ɓare rufin duka. Aikin shekara guda fa, Yaya.

Ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Furera

Yaya Badamasi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taka da ka ce tana ciwo? Allah shi ƙara sauƙi.

Sau huɗu ina zuwa gidan Malam a Ƙofar Durbi. Nakan tafi da littafin nasa da gilasan, in karanta mashi lamba, in jira ya nuna gilashinta. Yana ganewa, wallahi yana ganewa, sai dai hannun ya ƙi. Leɓe ya yi ta motsi, sai hawaye.

Mudassir, ɗan ajinmu, ya ce in jera lambobin yadda na ga dama, wa zai sani? Na gwada. Sakamakon ya fito tsaf, amma na san na ƙarya ne, sai na goge. A makaranta kuma sun ce mako shida ya rage mani in miƙa aikin, sabon rufi kuwa wata huɗu yake ci.

Hajiya Asabe, matar Malam, ta raka ni zaure ta ce, "Furera, don Allah ki daina zuwa da littafin nan. Duk ranar da kika zo, ba ya cin abinci."

Jiya Juma'a na je gaisuwa kawai, ban ɗauki littafin ba. Har na tashi, Malam bai dubi fuskata ba. Hannuna yake ta kallo, yana neman littafin.

A gaida Anti da yara.

Ƙanwarka,
Furera