An Cire Sunan Inna

Alhamis da dare, Al-Badi'a, Riyad

Injiniya Sani ya dawo daga hutu a gida, ya miƙo mini kaset. "Na abokinka Lawwali ne. Duk tashar mota a Kano shi ake sakawa."

Waƙa ta biyu tawa ce, wadda na rubuta satin da Inna ta rasu, na bar masa ajiya kafin in taho. Babu sunana a bangon kaset ɗin, wannan na haɗiye. Amma duk inda na ambaci Inna, ya sa sunan wata Hajiya da ta saya masa kayan kiɗa.

Abin haushin, ya rera ta da daɗi. Ɗazu ina wanke kwano, sai ji na yi ina binsa, da sunan Hajiyar a bakina.